Karburatar PZ30 a baburan jeji: wa ta dace da shi, kuma me ake yi wa kilas (kan inji) kafin a ɗaura ta

PZ30 ta cika shagunan kayan babur na babbar kasuwar Maradi, kuma mai shago zai ce maka da ka ɗaura ta babur ya zama ingarma. Rabin maganar gaskiya ce. Karburata ce mai sauƙin gyara, jiklarta, wato ƴar kusa mai huda da ke auna man da ke wucewa, ba ta wuyar samu, kuma a injin mai cc 200 ko 250 tana zama daram. Matsalar tana wajen masu injin 125 da 150, waɗanda su ne suka fi sayenta.

Ana maganar inji samfurin CG ne, mai sanduna biyu da ke tura sufaf (bawul ɗin shigar mai da fitar hayaƙi), wanda ke cikin yawancin baburan China masu doguwar ƙafa. Mai sarƙa a cikin inji, kwance kansa daban ne. Yamaha DT 125 kuwa ba ta da sufaf, ba ta cikin zancen.

Injin 150 yakan zo da PZ27, na 125 da PZ26. In aka sa masa maƙogwaro mai faɗin milimita 30, iska takan rage gudu a ciki, sai jan mai daga jiklar ya yi rauni. A kwalta, totur a buɗe, za ka ji ƙarin gudu kaɗan. Amma shiga rairayin ƙauyukan Dakoro ko Mayahi da giya ta biyu, ka murɗa totur farat ɗaya: babur zai shaƙe kafin ya ɗauka, kuma a rairayi wannan ɗan jinkirin ya isa ya kafe ka. A 125 kada ma a fara. A 150 tana biyan kuɗinta ne kawai in an buɗe kilas, wato kan inji, an gyara shi ya iya shan abin da take ba shi.

A bar inji ya huce sarai, a wanke shi, don ƙurar da ke maƙale a jikinsa ciki za ta zuba. A rufe famfon mai, a cire sirdi da tanki da salansa. A kwance murfin saman karburata a zaro bwaso, wato ƙarfen da wayar totur ke ɗagawa, da allurarsa, a sassauta zoben robar iska, a kwance noti biyu na bakinta, a toshe ramin da tsumma mai tsabta. Daga nan sai buji, da ƙarfen da ya riƙe kan inji da jikin babur, da murfin sufaf. A juya inji har alamar T ta tsaya daidai a ɗan ramin murfin hagu, hannuwan sufaf biyu suna ɗan motsi in an taɓa su. A cire mazauninsu, a zare sandunan, a ajiye kowace ta gefenta don ta koma inda ta fito.

Noti huɗu na kilas a gicciye ake sassauta su, rubu'in juyi kowane, zagaye biyu ko uku. Wanda ya kwance ɗaya gaba ɗaya kafin sauran, shi ya lanƙwasa kilas da hannunsa. Akwai kuma doguwar kusa ɗaya a gefen hagu da almajiran gareji ke mantawa, sai su kama bugun kilas har kunnuwan sanyaya shi su karye. In ya lafe, a bubbuga da katako, ba a cusa sukundireba a tsakani. Wani ya danne silinda lokacin ɗagawa, don in ta motsa juwan ɗin ƙasa, wato shimfiɗar da ke toshe tsakaninta da gindin inji, zai fara yoyo. A lura da ƴan ƙarafa biyu masu rami da ke daidaita zaman kilas, kada su faɗa cikin inji.

Kafin a yi zancen ƙarin ƙarfi, a kwantar da kilas ta gefe a zuba kananzir a ramin shiga, sannan a juya shi a zuba a na fita. In ya ɗiga ta gefen sufaf, ƙarfin babur ta nan yake zurarewa, kuma goge sufaf da mazauninsa kaɗai kan dawo da abin da ake nema a sabuwar karburata. A ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a fuskarsa: in giɓi ya wuce 0.05 mm, a daidaita shi a kan gilashi da takardar yashi mai lamba 400, ana zagayawa kamar rubuta 8. Ramin shiga, a share tudun da zubin ƙarfe ya bari, a daidaita bakinsa da na robar karburata, amma kada a goge shi ya yi sheƙi, domin mai yakan kwanta a bango mai santsi.

Rage kauri shi ne inda ake ɓarna. Fistan na 150 faɗinsa milimita 62 ne. Duk rabin milimita da aka ci daga kilas yana rage ɗakin ƙona mai da kusan 1.5 cc, matsi ya tashi daga wajen 9 zuwa kusan 9.7. Milimita ɗaya cif yana kai shi wajen 10.5. A zafin Afrilu da Mayu na Maradi, da ke haura digiri 40, ga man kwalba na ƴan ruwa-ruwa da ba ka san me aka gauraya masa ba, 10.5 ƙwanƙwasa ce a cikin inji, ƙarshenta fistan ya huje. Rabin milimita ya isa. Bayan haka a manna ɗan sabulu mai laushi a kan fistan, a ɗaura kilas, a juya inji da hannu sau biyu, a buɗe a ga zurfin da sufaf ya bari. In bai kai milimita ɗaya da rabi ba, an ci da yawa.

Wajen mayarwa, sabon juwan dole ne, kuma a bushe, ba gam. Noti a gicciye, mataki uku, zuwa wajen 30 Nm da kile mai awon ɗauri. Giɓin sufaf 0.08 mm inji na sanyi, kuma dole a sake auna shi tunda kilas ya sauka ƙasa. Buji D8EA, giɓinsa 0.6 zuwa 0.7 mm.

Ita kanta PZ30 ba duka ɗaya ba ce, ko da sunan da aka buga a jiki iri ɗaya ne. A shago, ka sa yatsa ka girgiza bwaso. In yana kaɗawa, iska za ta riƙa sata, ralanti, wato aikin inji ba a murɗa totur ba, ba zai taɓa daidaita ba. Ka buɗe kwanon ƙasa ka duba ko akwai lamba a jikin jiklar, don marar lamba ba ta saituwa sai da lalube. Akwai mai ɗan famfon fesa mai a gefe, wadda ke buƙatar wayar totur mai reshe biyu. Ita ta fi dacewa da 150, saboda fesawar tana cike wancan shaƙewar.

Saiti yana farawa da kusar mai ta ƙasa: a rufe ta a hankali, a buɗe juyi biyu, a riƙa gyarawa har ralanti ya fi tashi. Maƙalin allura a bar shi a tsagi na uku cikin biyar. In tsakiyar totur yana ramewa, wato mai ya yi kaɗan, a saukar da shi tsagi ɗaya, allura ta ɗaga, mai ya ƙaru. Babbar jiklar kuwa buji ke faɗa: a ja babur da cikakken totur, a kashe a take, a duba. Launin ƙasa-ƙasa daidai ne, baƙi mai ya yi yawa, fari fat haɗari ne, mai ya yi kaɗan, a ƙara lambar jiklar nan take. Wadda ta zo a kwali an zaɓe ta ne don injin 200, ga shi iskar zafi ba ta da nauyi, don haka sau da yawa sai an sauka lamba ɗaya ko biyu.

Abin da ya fi cin rai shi ne ƙaramar matatar iska mai kama da mazurari da ake haɗawa da ita a ciniki. Bakin PZ30 ya fi na PZ27 faɗi, robar akwatin iska ba ta shiga, sai makaniki ya jefar da akwatin ya ɗaura mazurarin. Ƙara takan yi daɗi, amma ƙurar hunturu tana wucewa kai tsaye ta cinye zoben fistan, babur ya fara hayaƙi da shan baƙin mai. A nemi robar injin 200 a bar akwatin a wurinsa, a wanke sosonsa da kananzir, a ɗiga masa man inji a matse, kuma mai shiga ƙauye kullum ya duba shi duk mako.