Wace takardar tambaya ta dace da mai wankin ƙoda?

Duk ranar da likita ya tsaya kan Baba a ɗakin gasil, wato ɗakin wankin ƙoda, a nan Makka ya ce "kef halak ya Hajj" (yaya jiki, Alhaji), amsar ɗaya ce: "Alhamdulillahi." Alhali daren jiya ina jinsa yana goga bayansa da ƙyauren ɗaki har kiran assalatu. Awon jini na wata-wata yana nuna sinadaran fosfet da fotasiyam, amma ba ya nuna ƙaiƙayi, ko ƙagewar ƙafa, ko gajiyar da ke kwantar da mutum bayan awa huɗu a kan na'ura, sau uku a mako. Akwai takardun tambaya da aka tsara domin auna irin wannan. Ga abin da zan faɗa wa ɗan'uwa a unguwar Shari'a Mansur ko Hindawiyya kafin ya je maktaba, wato shagon takardu, a buga masa.

Wadda ta fi suna ita ce KDQOL-36, ta cibiyar RAND a Amurka. Kyauta ce, kuma akwai ta da Larabci. Tambaya 36 ce, yawancinsu kan makonni huɗu da suka wuce: 12 kan lafiya gaba ɗaya, 12 kan alamomin ciwo, 4 kan nauyin cutar, 8 kan yadda ta shiga rayuwa. Waɗannan takwas ɗin su suka fi burge ni, don suna tambayar takaita shan ruwa da hana tafiya. Wanda ya san zafin Makka, ya san abin da ake nufi da a ce wa dattijo ya kurɓi Zamzam kaɗan-kaɗan, ko kuma ba zuwa Kano sai an nemo masa gurbin na'ura a can. Aibinta tsawo. Idan kai ne ke karantawa kana juyawa da Hausa, kafin ku kai rabi ya fara gyangyaɗi.

DSI, takardar masu wankin ƙoda da ta fito a 2004, alamomi 30 ta jera na kwana bakwai: kana da shi ko babu, in akwai yaya ya dame ka. Ta fi kowacce tono. Sai dai biyu daga tambayoyin sun shafi kwanciyar aure, KDQOL ma tana da guda. Ɗa ba ya yi wa ubansa wannan tambaya. A bar wa ma'aikacin jinya.

EQ-5D tambaya biyar ce da ma'auni daga 0 zuwa 100. Gajeriya ce, amma ba don ƙoda aka yi ta ba, ko ƙaiƙayi babu a ciki. Na ajiye ta.

Ni dai ESAS-r Renal na ɗauka, wadda asalinta daga Edmonton ne a Kanada. Shafi ɗaya, kowace alama daga 0 zuwa 10, kan yadda mutum ke ji a lokacin, kuma an ƙara mata ƙaiƙayi da rashin barci da ƙafar da ba ta zama lafiya da dare. Muna cikawa kowace Asabar kafin a jona Baba da na'ura, KDQOL kuma sai bayan wata uku.

Ranar farko na ce, "Baba, ƙaiƙayin nan, cikin goma nawa?" Ya yi shiru, ya ɗaga yatsu takwas. Da likita ya ga takardar, sai ya ja kujera ya fara tambayarsa ko tare da abinci yake haɗiye ƙwayar rage fosfet.