RAV4 Adventure ta fitar da ni kunya a lakar Haɗejiya, amma ina da ƙorafi

Motar tawa RAV4 ce ƙirar Adventure ta 2019, tokumbo daga Amurka, mai injin lita 2.5 da giya takwas. Ranar da zan karɓi makulli na tambayi dillalin amfanin 'yar murɗar nan da ke kusa da giya da madannan da ke gefenta. Ya ce min, "Alhaji, duk kwalliyar Turawa ce. Ka sa ta a Eco ka manta da sauran, kai ma ka san yadda mai yake." Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, wa zai ji an ce ga hanyar rage shan mai ya ƙi? Shi da kansa ya danna min. Shi kuwa Eco ko ka kashe mota ka sake tayarwa yana nan daram, ba ya sauka da kansa. Haka motar ta zauna a hannuna wata da watanni.

A watan Agusta aka yi mana rasuwa a wani ƙauye gaba da Haɗejiya, ta ɓangaren Guri. Na ɗauki Inna da maiɗakina da ɗan yayata muka tafi ta'aziyya. An kwana ana ruwa. Wanda ya san ƙasar fadamar nan ya san abin da nake nufi: baƙar laka ce mai danƙo, daga sama ka ga kamar ta sha iska, kana hawa ta buɗe. Bayan mun sauka daga kwalta mun yi ɗan nisa, sai muka iso wani wuri da amalanken shanu suka riga suka kwaɓe. Babu ta inda za a kauce, gonar shinkafa ce dama da hagu. Na shiga a hankali, tsakiyar wurin mota ta tsaya.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, ina taka totur har ƙasa amma injin ba ya amsawa. Taya ta ɗan juya, wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta yi ta ƙyaftawa a dashbod, sai ƙarfin ya mutu. In sake takawa, haka dai. Na leƙa ta taga, tayar gaba ta nutse kusan rabi, zanenta duk ya cike da laka ta zama sumul. Kafin ka ce kwabo samari sun fito daga gona, sun fara naɗe wando ana maganar nawa za a ba su. Inna a baya sai salati take yi, tana cewa da mun sani da mun bar motar a bakin titi mun hau babur. Ga shi an ce mana bayan azahar za a yi addu'ar uku.

Nan ɗan yayar tawa ya ce, "Kawu, don Allah kafin a tura, bari a gwada wannan." Ya miƙa hannu ya murɗa zuwa inda aka rubuta Mud & Sand, wato na laka da yashi. Ya ce in ɗan ja baya kaɗan, sannan in sa giyar gaba in riƙe totur daidai, kada in saki ko na ji taya tana juyawa a banza. Wallahi mota ta canza hali a take. Injin ya ɗaga murya bai yanke ba, tayoyi huɗun suka kama juyawa, laka tana tashi har kan gilashin baya, samarin suka watse gefe. Ta yi 'yar rawa hagu da dama, na ji bayanta ya turo, sai ga mu a kan busasshiyar ƙasa. Babu wanda ya sa mata hannu. Inna ta dafa kan yaron ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan." Samarin ma na ba su na goro, don sun bar aikinsu sun zo.

Daga baya na zauna na fahimci abin da ya faru. Motar tana da na'urar da ke hana taya zamewa: da ta ji taya tana juyawa fiye da tafiyar mota sai ta rage wa inji ƙarfi ta kama birki. A kan jiƙaƙƙiyar kwalta wannan ceton rai ne. A cikin laka kuwa juyawar nan ita ake nema, don ita ke kakkaɓe zanen taya ta samu abin kamawa, kuma ita ke hana mota rasa zafin tafiyarta. Mud & Sand yana sassauta wannan na'ura ya bar tayar ta yi aikinta. Ita kuma Adventure tana iya tura har rabin ƙarfin injin zuwa tayoyin baya, ta kuma raba shi tsakanin ta dama da ta hagu. Duk wannan yana cikin motar tun ranar da na biya kuɗi, mutum ya dube ni ya ce kwalliya ce.

Da na fara gwada sauran ne raina ya soma ɓaci da gaske. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, na yi ta fama da esi ba ya sanyi yadda ya kamata. Na kai wa mai gyara, ya ce gas ne, ya ɗura, na biya. Babu abin da ya canza. Ashe Eco ne yake rage wa esin ƙarfi don ya tsimi mai, aikinsa ke nan. Ina mayar da ita Normal sanyi ya dawo. To shi mai gyaran da ya zauna a kujerar direba, koriyar alamar Eco tana gabansa, bai gani ba ne ko kuɗin gas ɗin ne ya rufe masa ido?

Wanda ya fi ci min rai shi ne na hanyar Gujungu. Titi ne falle ɗaya, mai zuwa da mai dawowa duk a kansa suke bi, tirela a gabana, na fito zan wuce ta, na taka, motar ta yi jinkirin ɗauka, ga wata bas ta taho. Da ƙyar na koma layi, iyalina suna ciki. A Eco totur nauyi yake yi, giya kuma tana saurin hawa sama, sai ka taka sosai kafin ta sauko ta ba ka ƙarfi. Yanzu in zan wuce babbar mota a irin wannan titi Sport nake dannawa. Yana riƙe giya ya daɗe, da ka taɓa totur ta zabura, sitiyari ma ya ɗan yi ƙarfi a hannu. Yana shan mai, ba musu, shi ya sa ina gama wucewa nake komawa Normal. Eco na bar shi sai cikin gari, gosulon Kurna da Ƙofar Ruwa da safe, can yana da amfaninsa, ko da yake ragin man bai kai yadda aka zuzuta min ba.

Rock & Dirt na gwada shi a wata hanya da zaizayar ruwa ta farfasa, inda taya ɗaya ke rataye a sama. Ya kama mata birki ya tura ƙarfin ga masu taka ƙasa, muka haura a hankali. Na Snow kuwa don ƙanƙarar ƙasarsu aka yi shi, ban da abin yi da shi.

Sai maganar taya, wadda har yanzu ban huce ba. Da muka dawo daga tafiyar na kai wa mai faci ya duba iska, ya nuna min lambobi huɗun nan da ke jikin taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Na gaba biyu ashe na shekarar 2018 ne, ga tsattsagewa siri-siri a gefensu da aka shafe da man ƙyalli. An ce min sababbi ne aka sa a Legas. Mai facin ya ce, "Yallaɓai, da lakar nan ta ƙara zurfi ko da ɗan kaɗan ne, babu abin da za ka murɗa ya fitar da kai da wannan tayar." Na kira dillalin, ya ce yana kan hanya zai kira ni. Na canza guda biyun gaba da kuɗina, na baya kuma sai ƙarshen wata, kafin nan ba zan sake sauka daga kwalta da iyali a ciki ba.