Ajiyar jinin cibiya: tauraro biyu na ba kamfanin nan, ga kuma dalilina

Duk wanda ke da mai sikila a gida ya san abin da ake nufi da ƙarfe biyun dare lokacin hunturu. Yarinyata shekararta shida, SS ce, ni da mamanta dukanmu AS, lokacin aurenmu babu wanda yace mu je gwaji, toh ƙaddara ta riga fata. Hanyar asibitin Shika na nan Zariya kuwa ko ido a rufe zan kai mashin ɗina har bakin get. Shi yasa da mamanta ta samu ciki, wata mata da suke haɗuwa a layin kilinik ta ba ta lambar wani kamfani wai suna ɗibar jinin cibiyar jariri su daskarar, daga baya a yi wa yayar dashe da shi ta rabu da ciwon gaba ɗaya, wallahi ban yi wata-wata ba a daren na kira. Sunan kamfanin ba zan faɗa ba, ba tonon silili ya kawo ni ba, ina so ne mai irin matsalata ya san abin da zai tambaya kafin ya tura ko sisi.

Bari in fara da haƙƙinsu. Madam ɗin da ta riƙa magana da mu a WhatsApp tana da kirki da haƙuri, ko sha ɗayan dare na tura saƙo za ta amsa. Kuma asalin maganar gaskiya ce, ba irin ta masu maganin lasifika a tasha ba. Jinin da ya rage a cibiya da mabiyiya bayan haihuwa yana ɗauke da ƙwayoyin asali masu ƙera jini, irin na cikin ɓargo. Tun 1988 aka fara dashe da shi a birnin Faris na Faransa, wata likita Eliane Gluckman ta yi wa wani yaro ɗan shekara biyar mai ciwon jini na gado da jinin cibiyar ƙanwarsa, kuma ya tashi. Da na biya kuɗin rajista, cikin sati suka aiko da kwalin ta mota na karɓa a Kwangila: farin kwali mai kyau, ciki jakar jini irin ta wurin bada gudummawa, allura, auduga, da fom na Turanci mai shafi rututu da ƙananan rubutu.

Ranar da Hajiyarmu ta ga kwalin aka yi ƙaramin yaƙi. Tace "Yanzu kai Malam, jinin jikana za ka bari a kai ƙasar wasu a sa a firij kamar kifi? Mu da muka sani a wanke mabiyiya a binne a bayan ɗaki?" Nace Hajiya ki yi haƙuri ki ji. Madam ɗin ce ta yi mata bayani a waya da Hausarta ta 'yan koyo, cewa sai an yanke cibiya tukuna ake zuƙe jinin, ba a taɓa jariri ba a taɓa uwa, mabiyiyar kuma a miƙo muku abinku ku binne yadda kuka saba. Hajiya tai shiru, can tace "Toh Allah ya sa a dace." Tauraro ɗaya daga cikin biyun nan na wannan ranar ne.

Inda aka fara samun tangarɗa shi ne da na kai takardar tallarsu wurin likitan jinin da ke ganin yarinyar. Ya karanta ya yi murmushi, yace Malam ai kai malamin lissafi ne, ɗauki biro. Jaririn da ke ciki, kashi ɗaya cikin huɗu zai iya zuwa SS, in kuwa SS ne jininsa ba shi da amfani ga yayarsa, ba shi da amfani gare shi shi kansa, tunda ciwon na cikin ƙwayoyin. In AA ne ko AS, sai kuma an yi gwajin dacewa da suke kira HLA, shi ma tsakanin 'yan uwa ciki ɗaya ɗaya cikin huɗu ne ke dacewa sosai. Na buga uku bisa huɗu sau ɗaya bisa huɗu, ya ba ni 3 cikin 16, bai ma kai ɗaya cikin biyar ba. Babu inda aka rubuta wannan a takardar, abin da ke jiki hoton jariri bature yana dariya da maganar inshorar rayuwar ɗanka. Ya ƙara da cewa jinin da ake samu ɗan kaɗan ne, sau da yawa bai kai rubu'in ledar fiyawata ba, kuma da nauyin mara lafiya ake auna ko ƙwayoyin za su isa, yarinya kuwa kullum girma take.

Amma bai kushe abin ba fa. Cewa ya yi gida irin nawa, mai yaro mara lafiya a ƙasa da wani a ciki, su ne ma ainihin waɗanda likitoci ke ba shawarar su ajiye. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma haka ta tsaya a kai, wanda ba shi da mara lafiya a gida gara ya bada jinin kyauta ga bankin jama'a da ya biya kuɗin ajiya. Sai dai yace in koma in tambaye su inda tankin yake da wanda ke duba shi.

Na koma na tambaya. Tace suna da abokan hulɗa a ƙasar waje, can ake ajiyewa. Nace wace ƙasa, wane gari, turo min lasisinsu. Bayan kwana biyu ta turo min hoton takardar rajistar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista. Haba madam! CAC ai ko mai shagon caji a PZ yana da ita. Nace naƙuda ba ta sallama, in ta tashi daren Juma'a wa zai ɗauki jakar daga Zariya zuwa filin jirgin Abuja, tunda ku da kanku kun ce sai ta isa ɗakin gwaji cikin kwana biyu zuwa uku? Tace in sha Allahu za su san yadda za a yi. Nace wace nas ce za ta ɗiba, an koya mata? Tace ai akwai bidiyo. Nace in kamfaninku ya rufe bayan shekara biyar jinin ɗana na hannun wa? Nan ta tura ni shafi na kaza a fom, na duba da kyau da tabarau, abin da na fahimta shi ne in ya lalace a hanya ko a ajiya ba ruwansu, ni kuwa kuɗin shekara-shekara da dala zan ci gaba da biya, ga yadda dala ke wasa da naira kamar kyanwa da ɓera.

Kar wani yace na cika bincike. Jinin nan cikin ruwan naitirojin ake ajiye shi, sanyin da ke kaiwa digiri 196 ƙasa da sifili, kuma in ya yi ɗumi fiye da ƙa'ida ƙwayoyin na iya mutuwa, kai mai biya ba za ka taɓa sani ba sai ranar da ka zo nema. A Singafo, ƙasar da ba a ɗauke wuta, a ƙarshen 2023 ma'aikatar lafiya ta gano tankuna 7 cikin 22 na wani babban kamfani sun yi ɗumi fiye da ƙa'ida, a tanki ɗaya kawai kusan jaka 2,200 suka lalace, aka dakatar da su wata shida daga karɓar sabon jini. Iyayen nan suna ta biya ne hankalinsu kwance har sai da jami'an gwamnati suka shiga suka duba. A Suwizalan ma a 2019 wani kamfani ya karye, iyaye suka wayi gari an kwashe jinin 'ya'yansu zuwa Folan. In haka ta faru inda ake sa ido, ni da ke Zariya ina riƙe da hoton CAC a waya wa zan kama?

Abin da ya fi ci min rai kuwa ba kamfanin ba ne shi kaɗai. A Amurka tun 2005 suka yi doka, gwamnati ke ba bankunan jama'a kuɗi don a tara jaka 150,000 da kowane mara lafiya zai iya nema, hukumar kula da abinci da magunguna ta FDA kuma ke ba su lasisi. A Ingila hukumar lafiyarsu ta NHS tana da nata bankin tun 1996, kuma iyali irin nawa in likita ya rubuta, su za su ɗiba su ajiye wa yayan. Faransa ma hana kasuwancin ajiya don kai ta yi, amma ta bar ƙofa ga mai ɗan'uwa mara lafiya. Mu da muka fi kowace ƙasa a duniya yawan masu sikila, ana maganar jarirai kusan 150,000 duk shekara, uba ne zai zauna da wayarsa yana ciniki da madam. Dokoki akwai su, dokar lafiya ta 2014 ta yi magana a kan jini da sassan jiki har ta ce ba a dashe sai a asibitin da aka ba izini, a 2021 kuma aka kafa hukumar jini ta ƙasa. Na tambayi madam takarda ko ɗaya daga ɓangaren lafiya, har yau tana nema.

Sannan a ce ma komai ya tafi daidai, jini ya isa lafiya, ya dace. Kuɗin da na biya na ajiya ne kawai, dashen kansa wani dutse ne daban. A asibitin koyarwa na Benin aka fara yi a ƙasar nan a 2011, Dakta Nosakhare Bazuaye da tawagarsa, sai kuma asibitin koyarwa na Legas tare da gidauniyar sikila suka yi nasu na farko a 2024. Daga nan duk tafiyar yini guda ce, kuɗin kuma miliyoyi ne masu yawa, wasu gida suke sayarwa su tafi Indiya. Kuma ba allura ɗaya ce a tashi ba, sai an ba yaro magani mai ƙarfi ya kashe ɓargonsa, ya yi makonni a killace babu garkuwar jiki, sabon jinin na iya juyowa ya yaƙi jikin, maganin kuma yana iya taɓa haihuwa nan gaba. Duk da haka in ɗan'uwa ya dace sosai, yara fiye da 90 cikin 100 suna rabuwa da ciwon, shi yasa har yanzu ban cire rai ba.

Na nemi a dawo min da kuɗina, bayan sati uku da kira ya fi goma aka turo rabi, wai sauran na kwali ne da kuɗin mota. Na bar su da Allah, madam ɗin dai har ranar suna ta turo barka.

An sauka lafiya da asubahin wata Laraba, namiji. Hajiya da kanta ta wanke mabiyiyar ta sa ƙanena ya haƙa rami gindin dalbejiya. Likita yace kar in damu, in yaron ba SS ba ne kuma ya dace da yayarsa, ɓargonsa na nan a jikinsa ba ya buƙatar tanki ko dala, in ya ɗan tasa ana iya ɗiba. Bayan arba'in za mu fara da gwajin jinotaif. Kwalin yana kan wadirof, mamansu ta zuba katin asibiti da folik asid a ciki.