Kwana uku cikin jirgin haya a Zanzibar

Ni ɗan Sakkwato ne, ruwan da na sani bai wuce gulbin Rima da madatsar Goronyo ba. Saboda haka da ƙanena ya ce mu haɗa kuɗi mu yi hayar jirgin ruwa na shaƙatawa a Zanzibar, tsibirin nan na ƙasar Tanzaniya, sai da na yi istihara kafin na amsa. Mun je a Janairu, lokacin iskar arewa maso gabas da mutanen can ke kira kaskazi.

Jirgin mai ciki biyu ne, shi ya sa ba ya tangaɗi sosai. Ɗakin kwanan matsattse ne amma tsaf, akwai 'yar fanka da ke aiki da wutar sola. Ma'aikata uku: matuƙi, mai dafa abinci, da wani yaro mai kula da igiyoyi.

Daren farko mun saki anka, wato ƙarfen da ke tsayar da jirgi a ruwa, kusa da tsibirin Changuu, inda manyan kunkuru suke, waɗanda aka fara kawowa daga Seychelles a 1919. Wannan dare shi ne kuɗina. Da aka kashe inji, ba ka jin komai sai ruwa yana lasar gefen jirgi da ƙarar sarƙa jefi-jefi, ga fitilun tsohon garin Zanzibar can nesa. Na tashi yin sallar isha'i na juya gabas kamar yadda na saba, sai matuƙin ya dafa kafaɗata ya nuna mini arewa. Ashe Makka tana arewa da Zanzibar kusan sak. Kuma jirgi a kan anka juyawa yake da iska, don haka kowace salla sai ya duba kamfas ya gyara mini shimfiɗa. Bai taɓa jira na tambaya ba. Allah ya saka masa da alheri.

Abinci ba laifi: shinkafa da madarar kwakwa, kifin da yaron ya kamo da asuba, shayi mai kanumfari. Yaji dai ka tafi da naka.

Inda raina ya ɓaci shi ne ruwan daɗi. Kamfanin bai gaya mana tankin ƙarami ba ne, rana ta biyu aka fara auna mana na wanka da kofi. Ga gishiri ya bushe a jiki, ga alwala sau biyar. Na san ruwan teku yana tsarkakewa, da shi muka koma alwala, amma haƙƙinmu ne a faɗa mana tun farko. Haka da muka isa Mnemba, wani ƙaramin tsibiri, a nan muka ji cewa ba a sauka tsibirin, kuma akwai kuɗin shiga ruwan da ba ya cikin lissafinmu.

Zan koma, in Allah ya yarda, da wannan matuƙin. Amma kafin na biya ko sisi, sai an rubuta mini yawan ruwan tanki da duk kuɗin da za a karɓa a hanya.