Masu wasan kwaikwayon da muka ɗauko wa ɗalibanmu a Nima

Sidi talatin a kan kowane yaro, Laraba shida, awa bibbiyu. A haka hedimasta ya tsayar da ciniki, bayan sun fara da sidi hamsin. Matasa ne su huɗu, maza uku da mace ɗaya, suna zagaya makarantun Accra da akwatin littattafai da majigi da wani buhu cike da tsofaffin riguna da huluna. Takardar tallarsu ta yi alkawarin abu uku: za su sa yara karatu, za su koya musu wasan kwaikwayo, za su nuna musu fim su kuma koya musu ɗauka. Ba zan faɗi sunansu ba, domin akwai inda zan soke su, ga shi kuwa yara ne masu neman na kansu.

Ni ke riƙe da aji biyar na firamare a ɗaya daga cikin makarantun nan na Ingilishi da Arabiyya da ke unguwar Nima a Accra, yara 47 a ɗaki guda. Sukul ke nan a bakinmu na nan, tunda in ka ce makaranta, ta allo kowa zai ɗauka.

Ranar taron iyaye aka fara kai ruwa rana. Wani baba mahauci ya miƙe ya gyara hula ya ce, "Malama, mu fa karatu muka kawo su. In wasa ne, ai suna yinsa a lungu kyauta." Aka yi dariya, amma rabin ɗakin na bayansa. Malam mai makarantar shi ya raba gardama da sharuɗɗa: ba ganga, ba rawa, namiji ba zai sa kayan mata ba kamar yadda 'yan Concert Party, masu wasan barkwancin Ghana, suka saba, kuma a sallami yara kafin la'asar don kada su makara zuwa allo. Matasan suka amince nan take. Gangarsu ma a shagon mai ɗinkin da ke bakin ƙofa ta riƙa jiransu duk Laraba. Yara 31 ne suka biya. Sauran sha shidan suka tsaya leƙe daga waje, shugaban tawagar ya ce a bar su su shigo, bai ƙara tayar da maganar kuɗinsu ba. Wannan na yaba masa.

Inda kuɗinmu ya fita shi ne wajen karatun. Shekara goma sha ɗaya ina koyarwa, dabarata ita ce wadda aka yi mini: a buɗe shafi kaza, kai tashi ka karanta, yaro ya tashi yana in'ina, saura suna ƙunshe dariya. Su ba haka suka yi ba. Macen cikinsu ta zauna a kan benci ta soma ba da labarin Kweku Ananse da baki, tana canza murya, sai da ta kai daidai inda kowa ya miƙa wuya, ta yi shiru. Ta zaro takardu ta ce ragowar labarin yana ciki, an raba shi baki-baki, wanda ke son ya fito a matsayin wani sai ya karanta maganar wannan ɗin. Hannuwa suka tashi har da na waɗanda tun farkon shekara ban ji muryarsu ba.

Ana cikin haka wata yarinya daga layin gaba ta juyo ta ce mini, "Ticha, wannan ai Gizo ne aka sake wa suna. To ina Ƙoƙi?" Shugaban nasu Bafante ne, Hausarsa ba ta wuce ta sayen wake da shinkafa ba. Ya tambaye ni wace ce Ƙoƙi. Na ce matar Gizo ce, ita ke shan wahalar wayonsa. Sai ya naɗe takardar shirinsa ya sa a aljihu, ya ce kowa ya je gida ya samo tatsuniya daga wata tsohuwa, sati mai zuwa tasu za a yi.

Tara suka kawo. Nima ke nan: wata daga kaka Bazabarma, wata daga Bakotokola, wata daga tsohuwar da ta zo daga Bawku, amma dukkansu da Hausa suka iso aji, don ita ce ta haɗa mu a lungu da kasuwa. Sai aka zo rubutawa, jiki ya yi sanyi. Harsunan gida goma sha ɗaya gwamnatin Ghana ta ware don koyarwa, irin su Twi da Ewe da Dagbani da Gonja, babu Hausa a ciki. 'Ya'yanmu harshen Ga suke koya a matsayin harshen gida, su rubuta jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare a kai. Yaro yana mafarki da Hausa amma bai taɓa ganin ƙ ko ɗ a kan allo ba. Shawarar baƙin namu ita ce a mayar da komai Turanci. Aka gwada. Gizon da ke cewa "shaiki" maimakon "sarki" da tsamin bakinsa ya koma wani mutum mai ladabi, ba wanda ya yi ko murmushi.

Malamin Arabiyyarmu, dattijo ne, tun ranar farko yake kafa kujera a bakin ƙofa don ya tabbatar ba a karya sharaɗi ba. Ran nan sai ya tashi ya karɓi alli a hannuna, ya rubuta layi ɗaya daga dama zuwa hagu, ya sa wasali, ya ce a karanta. Yara suka soma haɗa baƙi kamar yadda suke yi a allo, a hankali, da muryar karatu. Suna isa tsakiya wani ya yi tsalle ya ce, "Ga ta nan ga ta nanku!" Aji ya ɗauka, "Ta zo mu ji ta!" Ba su taɓa zaton haruffan nan za su iya furta maganar gidansu ba. Malam ya zauna a kan teburina, abin da bai taɓa yi ba, ya ba su labarin Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna Salaga, yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar garin, ya koma Kete Krachi ya yi limanci har ya rasu a 1934, ya bar waƙoƙi da Larabci da Hausar ajami, har da wadda ya yi a kan zuwan Nasara. Ya ce a ƙasar nan aka rubuta su, ba a Sakkwato ba.

Wannan rana ita ce mafi kyau a cikin shidan, kuma ba daga akwatinsu ta fito ba. Na ba su ladan buɗe ƙofa da na yin gefe da suka ga abin ya fi ƙarfinsu. Amma wanda ke karɓar kuɗin makarantun zango, daga Nima zuwa Mamobi zuwa Sabon Zango, a ce ba shi da ko shafi ɗaya na Hausa, ba shi da mutum ɗaya mai jin ta sosai, ya zo farauta ba kare.

Akwai wani yaro da nake so in yi maganarsa. Shekararsa goma sha uku, ya maimaita aji, a benci na ƙarshe yake zama, in an ce a karanta sai fitsari ya kama shi. Shi ya nace sai ya fito a Kura. Wasan da aka tsayar gauraye ne, mai ba da labari da Turanci, dabbobi da Hausa, amma Kura tana da layi goma sha huɗu na Turanci inda take kare kanta a gaban sarki. Ya same ni bayan an tashi, ya miƙo takardar ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Ticha, ki yanka mini su." Na sa jan biro na rarraba masa kalmomin gaɓa-gaɓa. Washegari da sassafe na wuce ta inda uwarsa ke sayar da koko da ƙosai, na same shi a kan benci da takardar, duk ta yi mai, yana bin ta da yatsa. Uwar ta ce, "Malama, me kuka ba shi? Jiya har dare da tocilan waya." Ranar wasa ya yi tuntuɓe sau biyu, ya koma ya gyara da kansa. Kada in yi ƙarya: har yau in na yi shifta yana faɗuwa. Abin da ya canza shi ne ya daina fita fitsari.

Fim kuwa, Allah ya ba mu haƙuri. Sun zo a makare da kusan awa ɗaya, suka ɗora wa cunkoson shataletalen Circle laifi. Aka rataya farin zane, aka kunna majigi, ko minti goma ba a yi ba aka ɗauke wuta. Ba janareta, ba batir. Mutumin da ke sana'ar majigi a Accra bai yi tanadin ɗaukewar wuta ba! Sati na gaba wuta ta tsaya, sai rana ta hana. Ajinmu bulo mai huji ne a madadin taga, haske ya wanke hoton fes, muka yi ta toshewa da tabarmin sallah. Lasifikar kuma ƙarama ce, masu tallan lungu sun fi ta ƙarfi. Da hoton ya fito, katun ne na Amurka wanda rabin ajin sun riga sun gani a wayar yayyensu. Babu tambaya kafin a fara, babu tattaunawa bayan an gama. Iyayenmu da suka kalli fim a silimar Dunia a nan Nima, ko a motar majigin gwamnati da ke zuwa fili da dare, sun fi waɗannan yara morewa. A garin da aka kafa makarantar koyon fim ta NAFTI tun 1978, inda ɗalibai ke yin gajerun finafinai a kan rayuwar Ghana, ban ga dalilin kawo mana wannan ba.

Koyar da ɗaukan fim da waya ya ɗan fi. Sun nuna musu a kwantar da wayar maimakon a tsayar, a sa rana a bayan mai ɗauka, a matso kusa saboda murya. Minti ashirin ke nan, waya biyu ga yara 47. Abin da ya ɓata mini rai ya biyo baya: kwana biyu sai ga hotunan 'yan matan ajina a shafinsu na Facebook, ana tallar aiki da su, ba a tambayi kowa ba. Wata Hajiya ta zo har aji da wayarta a hannu, ni na sha faɗan. Hedimasta ya kira su, suka sauke a ranar suka ba da haƙuri. Duk makarantar da za ta ɗauke su, ta sa wannan a rubuce tun kafin a biya ko kobo.

Sun kuma kai mu babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa, wannan da kuɗinsa daban, sidi arba'in, yara ashirin da biyu suka samu zuwa. Ginin nan ne mai kama da jirgin ruwa da 'yan China suka gina aka buɗe a 1992, babban zaurensa na cin mutum kusan 1,500. Daga Nima ba nisa, amma a cikin yaran babu wanda ya taɓa shiga. Da aka kashe fitilu wata ta damƙe mayafina har aka gama fitowa ta farko. A hanyar dawowa macen tawagar ta nuna musu filin wasan yara da ke kusa, ta ce sunan Efua Sutherland ne a kai, matar da ta ɗauko tatsuniyar Ananse daga tsakar gida ta hau da ita dandamali, kuma a filin da gidan wasan yake yanzu nata ƙaramin gidan wasan yake a da. Tafiyar ta yi kyau. Sai dai da na zauna na lissafa kuɗin trotro biyu, wato motocin haya, da na shiga, na ga da mu muka shirya da kanmu da an rage abin da zai kai wasu yara biyar ko shida.

Ranar ƙarshe aka yi wasan a tsakar makaranta, iyaye a kan benci, Gizo da jar dara da ta yi masa yawa. Baba mahaucin nan ya zo, ya tsaya daga baya hannu a ƙirji. Da Kura ta fara rantse-rantsen ba ita ta cinye akuyar sarki ba, ga gashi a bakinta, na ji dariyarsa ta fi ta kowa. Da aka watse ya ce mini, "Malama, wannan kurar na san ta, kullum tana zuwa cin bashi a wurina." Bai ce ya janye maganarsa ta farko ba, ni ma ban tambaya ba.

Suka kwashe akwatinsu suka tafi, littafi ko ɗaya ba su bari ba. Na roƙi a bar mana goma aro zuwa ƙarshen zango, suka ce wata makaranta na jira. Ka koya wa yaro cin nama sannan ka ɗauke tukunya. Abin da ya cece ni shi ne ɗakin karatun Nima da Mamobi da ke gefen titin Kanda, cikin waɗanda ƙungiyar Kathy Knowles ta kafa, 'yar Kanada da ta fara a 1990 da karanta wa yara shida littafi a lambun gidanta. Shekara da shekaru ina wucewa ta gabansa a trotro, sai yanzu na soma kai yara goma-goma ranar Asabar. Wannan laifina ne, ba na kowa ba.

Hedimasta ya tambaye ni ko a sake kiransu zango mai zuwa. Na ce a kira su, amma karatu da wasan kwaikwayo kawai, a cire majigi, sidi ashirin, su bar akwatin a ajina tsakanin Laraba da Laraba, kuma malamin Arabiyya ya samu rabin awarsa a ciki, tunda ya riga ya cika shafi huɗu da tatsuniyar Gizo da Ɓaure a ajami yana jira. An aika musu saƙo tun ranar Litinin. Sun ce sidi ashirin da biyar, kuma akwatin sai sun yi shawara.