Wata takwas ina biyan kuɗin grup ɗin sigina na hannun jari, ga abin da na gani

Jama'a tunda an yi ta tambayata a kan grup ɗin nan na biya da nake ciki, wanda suke turo sunayen kamfanonin da za ka saya a kasuwar hannun jari ta Amurka, bari kawai in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta in huta. Ba zan kama sunansu ba, don ba tallan su nake ba kuma ba neman rigima nake da kowa ba, kuma wallahi irinsu sun fi a ƙirga, in ka ga ɗaya kamar ka ga sauran ne. Na shiga ƙarshen 2024 na fita tsakiyar 2025, wata takwas cif ina biya.

Tsarin nasu dai haka yake. Ka biya kuɗin wata su jefa ka ɗakuna biyu a Telegram, ɗaya admin kaɗai ke magana a ciki, nan ake turo sigina, wato sunan kamfani da farashin da za ka shiga da inda za ka ɗauki riba da inda za ka gudu in abu ya juya, ɗayan kuma na hira ne kowa ya faɗi albarkacin bakinsa. Sai kuma ranar Lahadi akwai darasin murya na kamar awa ɗaya. Kasuwar New York tana buɗewa 9:30 na safe agogonsu ta tashi ƙarfe 4, to tsakanin nan wayarka ba za ta huta ba, sai dai in ka kashe ƙarar.

Bari in fara da abin da ya yi kyau don kar a ce hassada ce. Darasin Lahadin nan ya yi, gaskiya ya yi. Wanda ke koyarwa ba shi ne mai turo sigina ba, wani bawan Allah ne mai sanyin murya wanda ba ya gaggawa, a wajensa na fara gane yadda ake karanta rahoton da kamfani ke fitarwa duk wata uku, meye kuɗin shiga meye ribar da ta rage bayan an cire komai, me ya sa kamfani zai ce ya ci riba amma farashinsa ya faɗi saboda masu jari sun sa ran fiye da haka. Shi ya ba mu misalin Meta, masu Facebook, da ta faɗi kusan kashi 26 cikin 100 a rana ɗaya, 3 ga Fabrairu 2022, alhali kamfanin riba ya ci ba asara ba, kawai dai masu amfani da Facebook kullum sun ɗan ragu kuma hasashen da suka bayar na gaba bai yi wa mutane daɗi ba. Da ban san haka ba, ni a zatona in kamfani ya ci riba dole ya hau. Kuma shi ne ya sa ni na zauna na yi lissafin nan da kowa ke tsallakewa, in ka faɗi kashi 50 ba kashi 50 za ka hau ka dawo ba, sai ka ninka, kashi 100, don ɗarinka ta koma hamsin kuma hamsin sai ta haifi wata hamsin kafin ka ga uwar kuɗinka. Abu ne mai sauƙi amma ranar da ya shiga kaina sai da na ajiye waya.

To sai siginar, wadda ita ce aka biya kuɗin dominta.

Ni ina da wata ɗabi'a, ban yarda da ƙwaƙwalwata ba, don haka tun satin farko na samu littafi nake rubuta duk kiran da admin ya yi, rana, lokaci, farashin da ya faɗa, da farashin da na gani a manhajar dillalina a daidai lokacin da saƙon ya shigo. Nan ne matsala ta farko ta fito. Mafi yawan lokaci kafin ka buɗe manhaja farashin ya riga ya wuce inda ya ce a shiga, musamman in ƙaramin kamfani ne wanda ba a cinikinsa sosai, don mu ɗin nan da muka karanta saƙon a tare mu ne muke tura shi sama da kanmu, kowa na danna saya a minti ɗaya. Ga kuma tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa, a manyan kamfanoni kusan ba ka jin ta, amma a ƙananan nan kana saya ka riga ka shiga ja, wato asara, tun kafin komai ya motsa. Shi admin a lissafinsa na ƙarshen wata da farashin da ya rubuta yake aiki, ba da wanda mu muka samu ba. Kun ga ai dole takardarsa ta yi kore.

Na biyu, wanda ya fi ci min rai. Kiran da ya ci, za a yi ta sikirinshot ana liƙa hoton wuta da roka, har washegari ana taya juna murna. Wanda ya faɗi kuwa shiru kake ji, ko a ce "wannan na dogon zango ne, a riƙe". Abin da aka ce maka na kwana uku ne, da ya nutse sai ya koma na shekara uku. Na taɓa tambaya a ɗakin hira, na ce Oga don Allah ina labarin wancan da aka ba mu wancan satin, ya ce min "Malam ka koyi haƙuri, kasuwa ba ta masu gaggawa ba ce", mutumin da ke turo mana kira huɗu a rana fa.

Amma abin da nake so in tsaya a kai shi ne ɗakin hirar, don a nan na ga yadda mu ƙananan masu zuba jari muke tunani, har da ni, ban cire kaina ba. Ranar 27 ga Janairu 2025 Nvidia, masu ƙera cif ɗin kwamfuta da ake gina ƙirƙirarriyar basira da shi, ta faɗi kusan kashi 17, darajarta ta ragu da wajen dala biliyan 590 a yini ɗaya, saboda labarin kamfanin DeepSeek na China da aka ce sun gina ƙirƙirarriyar basira da kuɗi kaɗan, sai aka ji tsoron za a rage sayen kayan Nvidia. Wallahi mutanen da satin da ya wuce suke cewa Nvidia ko jikokinsu sai sun gada, su ne ranar suke rubuta dogon bayani cewa dama sun san kumfa ce, wato farashin ya kumbura fiye da darajar kamfanin, dama sun faɗa. Babu wanda ya faɗa, na koma sama na duba. Zuwa Yuli kamfanin ya kai darajar dala tiriliyan 4, na farko da ya taɓa kaiwa, sai ga su nan dai sun dawo wai ai su ba su taɓa shakka ba. Ra'ayinmu bin farashi yake kamar jela, in kyandir, wato sandar nan da ke nuna hawa ko saukar farashi a manhaja, ya yi kore kamfani na da kyau, in ya yi ja shugabansa ɓarawo ne, kuma duk bayanin bayan abu ya faru ake kawo shi.

Afrilu ce ta gama ni. Ranar 2 ga wata Trump ya sanar da sabon harajin kayan da ake shigarwa Amurka, 3 da 4 ga wata S&P 500, ma'aunin manyan kamfanoni 500 ɗin nan, ya zube kusan kashi 10 cikin kwana biyu. Ɗaki ya kama da wuta, mai kuka na yi mai zagi na yi, wani yana tura hoton asusunsa duk ja yana tambaya ya sayar ko ya bari. Admin ya yi shiru kwana biyu, sai daren Talata 8 ga wata ya turo dogon saƙo cewa a rage kaya a riƙe tsabar kuɗi, abin da ke tafe ya fi wanda ya wuce. Ni da hannuna na sayar da kusan rabin abin da nake da shi da aka buɗe kasuwa ranar Laraba, ina ma jin na yi wayo. Bayan 'yan awanni aka ce an ɗage yawancin harajin na kwana 90, S&P 500 ya hau kashi 9.5 a wannan ranar kaɗai. Ina zaune waya a hannu ina kallon kyandir ɗaya kore yana tsawo yana tsawo kamar ba zai tsaya ba, abin da na sayar da safe ya wuce ni ina gani, na ma kasa tashi in kunna fitila. Da na koma ɗakin sigina in sake karanta saƙon jiya sai na ga 'yar alamar nan ta an gyara saƙo a ƙasansa, an ƙara layi ɗaya, wai "masu ƙarfin zuciya kuma za su iya ɗiba a nan". Layin nan babu shi jiya. Ina da littafi.

Akwai wata baiwar Allah a ɗakin da kowa ke ce wa Anti, ba ta cika magana ba, ranar ta rubuta "Oga, to mu da muka bi na farkon fa?" Ba a amsa mata ba. Daga baya muka yi magana ni da ita a gefe ta ce ita dama ba ta sayar ba, ba don ta san komai ba, aiki ne ya riƙe ta ba ta ga saƙon ba sai dare. Rashin ganin saƙo ya fi biyan kuɗin saƙo amfani a ranar, abin dariya abin takaici.

Kar a ce wannan admin ɗin ne kawai bai iya ba, abin ya fi shi. Barber da Odean, malaman jami'a ne a Amurka, sun bi asusun gidaje sama da 66,000 daga 1991 zuwa 1996, waɗanda suka fi yawan saye da sayarwa sun samu kashi 11.4 a shekara alhali kasuwar kanta ta ba da 17.9. A Brazil an bi masu cinikin yini, masu shiga da fita a rana ɗaya, cikin waɗanda suka dage sama da kwana 300 kashi 97 asara suka yi. Kai ko manyan ma, Warren Buffett ya sa caca ta dala miliyan ɗaya cewa daga 2008 zuwa 2017 asusun da kawai yake bin S&P 500 ba tare da wani zaɓe ba zai doke zaɓaɓɓun asusun ƙwararru masu cajin kuɗi da yawa, kuma ya ci. To in masu ofis da kwamfutoci da ma'aikata abin na ba su wuya, wani mai waya ɗaya da hoton roka fa?

Kuma duk sanda ka kawo irin wannan magana a ɗakin sai wani ya ce GameStop fa, kamfanin nan mai shagunan sayar da wasannin bidiyo? Eh, a Janairu 2021 ta tashi daga ƙasa da dala 20 ta taɓa 483, ƙananan masu jari na dandalin hira na Reddit suka matse manyan da suka ci bashin hannun jarin suka sayar suna jiran ya faɗi. Gaskiya ne ya faru. Amma kowa a labarin nan yana ɗaukar kansa wanda ya saya a 20, babu mai tuna cewa duk wanda ya sayar a 400 akwai wani ɗan uwansa da ya saya a 400 ɗin, kuma cikin Fabrairu ta dawo wajen 40. Su waɗannan ba sa sikirinshot.

Wani abu ma da ya sa na daina ruɗuwa da "ya faɗa daidai sau biyar a jere": ka samu mutum 1,024 ka ce wa rabi farashin wani kamfani zai hau, rabi ka ce zai sauka, sati na gaba ka bar waɗanda ka yi wa kuskure ka sake raba sauran biyu, bayan sati goma akwai mutum ɗaya da ya ga ka faɗa daidai sau goma kuma zai rantse kai waliyyi ne. Ban ce haka suke yi ba, ina dai cewa sa'a kaɗai tana iya samar da gwani in masu hasashen suna da yawa.

Da na zauna da littafina ƙarshen wata na takwas na haɗa komai, kuɗin wata, kamashon dillali, abin da tazarar farashi ta cinye, sai na ga da na zuba kuɗin a asusun indeks, irin wanda Buffett ya sa caca a kansa, na manta da shi da na fi haka, kuma da na yi barci. Ban talauce ba, kar in yi ƙarya, akwai kiran da suka ci sosai guda biyu ko uku kuma na ji daɗinsu. Amma barcin nan ba ƙaramin abu ba ne, na kai matsayin da ina cikin magana da mutum hannuna na aljihu yana laluben waya.

In maki za a ba su, darasin Lahadi huɗu cikin biyar, sigina ɗaya, ɗakin hira kuma ban san me zan ba shi ba don wani lokacin shi ke ɗebe maka kewa in kowa ya yi ja tare, wani lokacin kuma shi ke tunzura ka ka danna abin da ba ka yi niyya ba. Na tambaye su ko za a iya biyan darasin kaɗai ban da sigina, suka ce a'a a haɗe yake.

Fita ma sai da aka ja ni, maɓallin soke biya ba ya inda aka ce yake, sai da na tura saƙo sau uku kafin wani ya amsa, kuma amsar farko ba ta soke komai ba, ragin rabin kuɗi aka yi min tayi na wata biyu. Na ce na gode a cire ni. Bayan kwana biyu da cire ni saƙo ya shigo ta gefe, wai akwai wani kamfani da farashinsa zai cilla sama wannan satin kuma 'yan ciki ne kawai za su ji sunansa, saura gurbi bakwai. Har yanzu duk ranar Litinin sai ya shigo, kuma kullum gurbin bakwai ne.