Ɗamara, taya ko tabarma: wanne ya dace da ƙarfafa ciki da baya?

Kayan gyaran tumbi sun cika gari, daga na kasuwar Dole ta Damagaram har waɗanda ake tallarsu a WhatsApp ana kawowa daga Kano. Kafin ka zaro kuɗinka, ka san abin da ake son gyarawa. Ba tumbi kaɗai ba ne. Tsokokin gaban ciki, da na kuiɓi, da na gadon baya, da na ƙasan mara, su ke kewaye da ƙashin baya suna tallafe da shi. Su ke riƙe ɗan kabu-kabu da ya wuni bisa babur, su ke aiki in mace ta ɗora jarkar lita 25 a ka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ke fama da ciwon ƙugu a 2020.

Ɗamarar roba ta fi kowanne kasuwa, kuma ita na fi hana mutane saya. Zufa kawai take jawowa, a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40 ba da taimakonta ba. Ruwa ke fita, kitsen na nan daram, ka sha ruwan randa ya dawo.  A 2023 hukumar ta ba da shawarar kada a dogara da ɗamara wajen tsohon ciwon baya.

Ƙatuwar ƙwallon roba da ake zama ko kwanciya a kanta ana motsa jiki tana da amfani, amma ƙaya ɗaya a tsakar gida ta gama da ita.

Taya mai mariƙi biyu, wadda ake durƙusawa ana tura ta gaba ana jawo ta, tana aiki sosai, sai dai ba ta ɗan koyo ba ce. In ciki bai yi ƙwari ba, baya ke lotsawa, nauyin ya koma ƙugu.

Ni dai tabarma mai kauri nake zaɓa, ko bargo a ninka. Ka kifa ciki, ka dogara da gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe sak, daƙiƙa 20 kana numfashi. Ka huta, ka maimaita, aƙalla kwana biyu a mako.

Wanda ciwon ke sauka masa har ƙafa, ko maijegon da aka yi wa tiyata, su fara ganin likita tukuna.